Kada a Ba Hassi Ruwa a Ɗaki

Ran da na kama jikokina biyu, Luba da Nana, suna dandaƙa goriba da madaɓina, ban yi faɗa ba. Na tsaya a kansu har Luba ta ɗago kai.

Na ce, "Ke Luba, kin san ko mi na iccen ga da kinka ɗauko?"

Ta ce, "Awo, Kaka, abin bugun ƙasa na. Ai daɓe ba wani aiki na ba. A watsa ruwa, a yi ta duka ana waƙa, a sha hura."

Nana, wadda ta fi ta baki, ta ce, "Ko akuyarki ta iya, in da tana da hannu."

Na ce to. Na karɓi madaɓina na goge shi da bakin zane, maganar akuya kuwa na ajiye ta wuri mai kyau, don na san za ta yi rana.

Su biyun nan sun riga sun ji a jikinsu, zan zo kan wannan. Ku sauran, da kuka buɗe ido kuka ga siminti kuka ɗauka da shi aka halicci ɗaki, ku nake yi wa bayani. Sunana Hassi, ina zaune a wani ƙauye kusa da Marnona. Na fi shekara talatin ina daɓe ɗakunan mutane, daga Dinawa zuwa Achida, har ƙauyukan da ke bakin ruwa wajen Goronyo. Daɓe shi ne ƙasan ɗaki da mata ke bugawa da hannu har ya yi tauri ya yi sulɓi, ki zauna a kai da farin zane ki tashi babu ƙura. Yau guda ɗaya ya rage a garinmu, na ɗakina, kuma a bana saura ƙiris a sa masa diga.

Ɗakin farko da na shiga aiki, ƙanwar mahaifina Goggo Tumba ce ta ja ni. Ita ce uwar daɓe a yankinmu, gajeriya mai faɗin kafaɗa, ba ta dariya sai ta ga wani ya yi kuskure. Wata uku ba ta bar ni na taɓa madaɓi ba. Aikina ɗaukar burji, ƙananan tsakuwan nan ja, daga bayan tudu, in tace a rariya in fid da manya, in kwaɓa da jar ƙasa. Sai jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a tsohuwar tukunya. Kwana uku take a jiƙe. In ta yi kwana biyu ba ta kama ƙasa, in ta yi biyar ta ruɓe, warinta ya kori maƙwabta. Hancina ne ya fara koyon sana'ar nan kafin hannuna.

Madaɓin kansa iccen ƙirya ne, cikinsa shafaffe, da mariƙi a baya. Kowace mace da nata, ba a aro. Nawa wanda yaran nan suka mayar abin fasa goriba, na Goggo ne, har yau da gurbin babban yatsanta a jiki. Ranar farko a baza burji a yayyafa ruwa a bar shi ya sha. Ranar biyu a durƙusa a jere, a fara daga ƙuryar ɗaki ana ja da baya zuwa ƙofa, hannu ɗaya, sauka ɗaya. In mace guda ta saɓa wa sauran, wurinta yakan fito da tudu. Waƙar da kuke zaton wasa ce, ita ke riƙe da hannuwan. Ranar uku a yayyafa makuba a sake bugu, a yayyafa a sake, har ƙasa ta daina amsawa da taushi ta koma ƙara kamar ana buga ƙwarya. Sannan a bi da dutse mai sulɓi na bakin gulbi a goge.

Duk wannan wahala ce kawai, mai ƙarfi tana iya yi. Sana'ar tana wani wuri dabam, kuma a Dinawa na gano haka.

Ɗakin wata amarya ne, shi ne na farko da Goggo ta sakar mini ragama. Na zuba ƙarfina duka. Da muka gama, daɓen nan yana ɗaukar ido, ja wur, uwar amarya tana ta sa mini albarka. Ina tsaye ina jiran yabo sai Goggo ta ce a ba ta ruwa ta sha. Aka kawo a ƙwarya. Ta kurɓa sau ɗaya, ta taka har ƙuryar ɗaki, ta tuntsurar da sauran a ƙasa. Muka zuba ido. Ruwan ya yi ɗan jim, ya juya, ya gangara daidai inda za a kafa gado, ya kwanta abinsa.

Goggo ta ce, "Hassi, nan amarya za ta kiwon kihi?"

Na ce, "Goggo, ai ɗan kaɗan na."

Ta ce, "Ni ina iya yi maki kara, ruwa ba su yi. Ɗauko hauya."

A gaban matan gari na tone aikin kwana uku da hannuna, ina kuka ina tonewa. Ranar ta koya mini abin da ake biyan uwar daɓe dominsa. Dole ƙasan ɗaki ya karkata zuwa ƙofa, kamar kaurin yatsa biyu daga ƙurya, ba ƙari. In ido ya ga gangaren, ya yi yawa, gado zai yi ɗingishi, tulu ya jirkice. In babu shi, duk ruwan da ya zuba, na tulu ne, na yoyon damina ne, ko fitsarin jariri, ƙarƙashin gado zai tafi ya kira gara da wari. Ba mu da ƙarfen awo. Da tafin ƙafa ake ji, ki rufe ido ki taka ɗakin a hankali tun burji na ɗanye. Na yi shekara biyu ina taka ɗakunan mutane ido rufe kamar mai lalube kafin ƙafata ta fara gaya mini gaskiya.

Masu kiranmu iri-iri ne. Akwai uwar amarya da za ta zo ana saura kwana biyu a kai 'yarta, ta ce a yi mata daɓe yau, kamar dafa wake. Akwai wadda za ta dama fura tsululu ta ce mu sha mu ƙoshi, ita ma ana sa ta a waƙa da sunanta har ta ƙaro gari. Ladanmu gero ne da goro da sabulu, in an dace da gidan mutunci a haɗa da zane. Kuma kowace mace, in na miƙa mata ɗakinta, sai na kafa mata doka ɗaya da babbar murya: ba a daka a kan daɓe. Ko ɗan turmin yaji ne, a fita da shi tsakar gida, don gindin turmi yana cin ƙasa a hankali har ya yi rami. Na yi wa mata da yawa tsiya a kan wannan doka, har akwai wadda ta yi shekara ba ta gaishe ni ba.

A wani gida a Achida ne muka yi aikin da har yau in na tuna sai na yi dariya. Kun san ranar daɓe maza ba sa zama a gida, domin waƙoƙinmu ba na kunnen maza ba ne, kuma kada ku sa rai zan faɗi ko baiti ɗaya a nan. Mai gidan, wani ɗan kasuwar albasa, ya yi sallama da kowa ya ce ya tafi kasuwa, sanye da babbar riga fara fat. Muna tsaka da bugu sai Goggo ta hango yatsun ƙafa a ƙarƙashin zanan da ya kewaye tsakar gida. Ba ta daina waƙa ba. Ta miƙe, ta ɗauki tukunyar dusar makuba, ta ce da ƙarfi, "Wagga ta yi tsami, bari in zubda ita." Ta watsa ta bayan zana. Ba mu ji ko tari ba, sai ƙarar takalmi. Makuba kuwa in ta kama tufa ba ta fita har ya yage. Mutumin nan bai taɓa kai ƙara ba, don sai ya faɗi inda yake tsaye.

Ɗakina shi ne aikin Goggo na ƙarshe. Ina goye da Bello lokacin. Ba ɗan fari ba ne, shi ya sa kuka ji na kama sunansa kai tsaye. Mu goma sha biyu muka durƙusa, Goggo ta tsufa har sai an ɗaga ta, amma ita ta taka gangaren da ƙafarta. Da aka gama ta zuba ruwa a ƙurya, ya miƙe zuwa ƙofa kamar an kira shi. Ta miƙo mini madaɓinta ta ce hannunta ya gaji. Ba ta kai damina ba.

Sai shekarar ambaliya, wadda ba mai son tunawa. Gulbi ya cika ya batse, ya haye fadama ya cinye shinkafa da gero, ya shigo gari. Unguwarmu tana kan tudu, ta tsira. Ta gangare kuwa, gidajen ƙasa suka jiƙe suka zauna. Bayan ruwa ya janye na bi unguwar ina dubawa. Babu bango, babu rufi, amma ga daɓe nan kwance a fili ɗaya bayan ɗaya kamar an jera faifai, ko tsagewa babu. Na san kowanne, na san ranar da aka yi shi da waƙar da aka yi. Na dawo gida na jiƙa makuba tukunya uku, na ce bana aiki zai kashe ni.

Ba wanda ya kira ni. Mutane sun tsorata da ginin ƙasa, kowa ya koma bulo, wanda ya sa bulo kuwa siminti zai shafe a ƙasa. Magini ɗaya da shebur da cokalin gini ya gama a wuni abin da mata goma ke yi a kwana uku, ba fura, ba waƙa, ba a kori mai gida ba. Makubata ta ruɓe na zubar a bayan gari. Ranin nan dashen albasa na yi a gonakin mutane, ina duƙe cikin laka tare da matan da a da sai sun yi mini gaisuwa biyu kafin in duba ɗakinsu.

Daga nan na fara abin da ya ɓata mini suna. Wata maƙwabciya ta aurar da 'yarta, aka kira mu ganin ɗaki. Sabon siminti, aikin wani saurayi Sani, wanda bai daɗe da barin ɗaukar bulo ya fara riƙe cokali ba. Ana ta yaba sulɓi. Na ce ina jin ƙishi. Aka kawo ruwa a moɗa, na kurɓa, na matsa ƙurya kamar ina duban jeren kwanoni, sai hannuna ya yi rawa irin ta tsufa. Ruwan bai yi shawara da kowa ba, ya wuce ƙarƙashin gado ya kwanta. Na ce, "Ayya, ashe tabki anka yi wa amarya." Mata suka kwashe da dariya, kafin la'asar labari ya gama gari, sai da Sani ya fasa ya sake.

Ba zan yi muku ƙarya in ce don gyara na yi ba. Haushi ne. Kuma ya yi mini daɗi ƙwarai, har na mayar da shi al'ada. Suna, biki, gaisuwar mara lafiya, duk ɗakin siminti da na shiga sai ƙishi ya kama ni, sai hannuna ya yi rawa. Cikin goma da ƙyar biyu ke kai ruwa ƙofa. Har ta kai in aka hango ni tafe, sai ka ji uwar gida tana faɗa wa yara, "Kak ku ba Hassi ruwa cikin ɗaki!" Wasu a zaure suke tare ni da moɗa. Wasu su tsaya a kaina har in shanye, su karɓe abinsu. Wata a Marnona da ta ga na shigo, sai ta ɗauke har butar alwala ta fita da ita.

To bana Bello, wanda yanzu yake kai albasa Sakkwato, ya yi wa matarsa, uwar su Luba, sabon ɗakin bulo. Sanin nan ne ya yi aikin, ya zama babban magini, har da furfura a gemu. Siminti ya ragu buhu biyu. Da safe Bello ya shigo gaishe ni, ya durƙusa, ya daɗe yana shafa daɓena da hannu, na san akwai magana.

Ya ce, "Inna, mutane na zagina. Wai Bello na kwana bisa siminti, ya bar uwatai ƙasa."

Na ce, "Ƙasa? Wanga daɓe sa'anka na. Ko tsagewa bai taɓa yi ba, kai ko asibiti nawa ka gani?"

Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Kunya nika ji. Sani na zuwa jibi da diga."

Na ga da gaske yake, kuma na ga ba don mugunta ba ne. Sai na ce a yi shari'a da ruwa. A zuba ƙwarya ɗaya a sabon ɗakin matarsa, a zuba ɗaya a nawa. In nasa ya kai ƙofa nawa bai kai ba, ya fasa, ba zan ce uffan ba. In ba haka ba, ya kai simintinsa inda ake so. Bello ya yarda da sauri. Ni kuma na kwana da murna, don na san aikin Sani, na san ƙafar Goggo.

Da ranar ta zo, tun hantsi gida ya cika. Wanda bai taɓa zuwa gaishe ni ba ranar ya zo. Sani ya iso a babur, diga ɗaure a baya. Muka fara da ɗakin bulo. Na ɗauki ƙwarya da kaina, na zaɓi ƙuryar da na fi zargi, na zuba. Ruwan ya miƙe sak, bai waiwayi gado ba, bai tsaya gaisuwa ba, sai bakin ƙofa. Na ce ƙwaryar ba ta cika ba. Aka ciko, na canja ƙurya. Haka ya sake yi. Na tuɓe takalmi na rufe ido na taka ɗakin. Yatsa biyu, ba ƙari ba ragi.

Na ce, "Kai Sani, wa ya koya maka wanga?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Ke, Inna. Tun ran da kinka yi min tabki ɗakin amarya, ban sake gama ɗaki ban zuba ruwa ƙurya ba. Sati ukku ina zagaye ƙohwag gidanku don kak mu gamu."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce ba komai, kunnen doki za a yi ke nan, mu je nawa. Aka naɗe tabarmi aka fid da su. Daɓe ya fito ja, yana sheƙi, har na ji wata tana cewa ashe haka yake. Na zuba ruwa a inda Goggo ta zuba. Ya taso da kyau, ya miƙe, ya yi rabin hanya. Daidai gaban gadona sai ya karkata hagu, ya shiga wani ɗan gurbi, ya taru, ya yi da'ira kamar an zana da bakin kwano. Ya kwanta.

Ni na san gurbin nan, amma ban taɓa zaton ya yi zurfi haka ba, don kullum tabarma na kai.

Ga abin da ya faru. Shekara goma ke nan turamen haƙorana suka tafi, ni kuwa na riga na cika baki a gari cewa har yau da haƙorina nake cin goro. Sai na sami wani ɗan turmi, ina ɓoye shi a ƙarƙashin gado. Kullum bayan azahar in ja ƙofa in ce zan huta, in ɗaga gefen tabarma, in daka gorona a hankali. A wuri ɗaya, shekara goma.

Luba ce ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado. Ta jawo ɗan turmin, ta ɗora shi a tsakiyar ruwan. Ya zauna daram kamar don shi aka yi wurin.

Nana ta ce, "Kaka, ba ke kinka ce ba a daka bisa daɓe ba?"

Matar da ta yi shekara ba ta gaishe ni ba tana wurin, sai da aka riƙe ta don dariya. Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun Dinawa. Amma abin da ya fi kunyar shi ne tsoro. Na dubi daɓen nan, aikin mata goma sha biyu da ƙafar Goggo, na ga ni da hannuna na ba da shi saboda goro. Na ce wa Bello magana ɗaya ce, a fasa.

Sani ya fita wurin babur ya daɗe. Ya dawo hannu wofi.

Ya ce, "Bello, digata na wurin maƙeri, bakinta ya dakushe. Sai bayan kwana bakwai."

Kowa yana hango digar ta ƙofa, ɗaure a babur, bakinta na walƙiya. Bello ya dube ta, ya dubi Sani, ya dube ni. Ya ce, "To. Ran da tad dawo a sake zuba ruwa. In sun kai ƙohwa, na haƙura."

Ranar na aika aka nemo ɓawon ɗorawa a kasuwa na jiƙa. Na tone gurbin da wuƙa, na faɗaɗa shi, na cika da burji. Da na ɗaga madaɓi na sauke sau uku, kafaɗata ta ce ba da ita ba. Na ƙirga matan da muka yi ɗakin nan tare. Biyu suka rage, ɗaya ba ta gani, ɗaya tana birni wurin 'ya'yanta. Na zauna a bakin gado na rasa abin yi, ga kwana na tafiya.

Roƙon jika ba ya cikin abin da na iya. Washegari da safe na jawo akuyata na ɗaure ta a bakin ƙofar ɗakina, na ajiye madaɓi a gabanta, na ɗauko kujera na zauna ina kallonta. Luba da Nana suna wanke-wanke, suka yi kamar ba su gani ba, har Nana ta kasa haƙuri.

Ta ce, "Kaka, mi kika jira?"

Na ce, "Ma'aikaciyata nika jira ta kama aiki. An ce min ta iya."

Suka yi dariya har Luba ta saki kwano. Da dariyar ta ƙare, Luba ta goge hannu a zane, ta zo ta ɗauki madaɓin. Na fito wa Nana da wani tsohon madaɓi da na ajiye a rumbu.

Ban taɓa ganin bugu mai ban tausayi irin na ranar farko ba. Wannan ta sauke, waccan ta ɗaga, kamar kaji biyu na tsattsagar tire. Kafin azahar tafin hannunsu ya yi ruwa, Nana ta ce bayanta ya rabu biyu, ta tambaya ko ba a yin daɓe a tsaye. Na ce akuya tana nan in sun gaji. Na ba su waƙa mai tsabta, irin wadda ake yi in akwai surukai kusa, hannuwan suka fara haɗuwa. A rana ta biyu Luba ta ce ta san wannan ba ita ce ta gaskiya ba. Na sa aka kori Bello daga gida, na ba su ta gaskiya, wadda ta fi sauƙi a ciki. Suka toshe baki, suka ce ashe haka kakanni suke, sannan suka amsa da ƙarfi har uwarsu ta leƙo ta koma. Daga nan bugu ya daidaita. Gangaren kuwa na sa su tuɓe takalmi su rufe ido su taka, ni ina riƙe da hannunsu. Nana ba ta ji komai ba. Luba ta tsaya a wani wuri ta ce nan kamar ya ɗan tashi, kuma gaskiyarta ne.

Ran na bakwai Sani ya dawo da digarsa. Wannan karon ban iya riƙe ƙwaryar ba, hannuna yana rawa, rawar gaskiya. Luba ta karɓa ta zuba. Ruwan ya taso, ya zo bakin facin, ya tsaya. Ya taru a wurin har na ji Bello ya ja numfashi. Sai ya sami hanya ta gefen dama, ya haye a hankali kamar tsohuwa na tsallake kwata, ya miƙe, ya taɓa dokin ƙofa.

Sani ya ce digarsa ta sake dakushewa, ya hau babur. Bello ya shafe wurin wanke-wanke da simintinsa.

Facin nan, in gaya muku gaskiya, shi ne daɓe mafi muni da na taɓa gani a ƙasar Wurno. Launinsa dabam, gefensa ya tashi kamar kunyar gona, ga sawun madaɓi ko'ina kamar an yi dambe a wurin. Goggo da ta gani, da hauya za ta aika a ɗauko. Na matsar da tabarma gefe don kada ta rufe shi. Goro kuwa yanzu a tsakar gida nake dakawa, a gaban kowa, wanda ya ga dama ya ƙirga haƙorana.

Shekaranjiya aka aiko mini da ƙara daga Achida. Luba ta je ganin ɗakin wata ƙawarta amarya, an sa tayil mai tsada, ta ce tana jin ƙishi. Matar da aka aiko ta zauna a kan daɓena tana ta faɗa, wai yarinya ƙarama hannunta na rawa, wai a ja mata kunne tun da wuri.

Na ce, "Ina ja mata, wallahi ina ja mata. Amma gaya min tukuna. Ruwan nan, ƙohwa sunka nuhwa ko ƙalƙashin gado?"